Lilon Seroja

A Kuala Besut, in damina ta kankama,
teku kan hana masunta fita,
ni kuma ruwa ya hana ni zuwa shagon kofi.
Sai in zauna gaban lilon jikata
da tsohon agogon da na yi ritaya da shi.

Lilon ba wani abin a zo a gani ba ne:
ƙugiya a katakon rufi,
sifirin guda, murɗaɗɗe kamar yaɗon kabewa,
zanen kakarta mai furannin da suka koɗe,
sai Seroja a ciki, kilo huɗu,
ƙafa ɗaya a waje.

Shekara talatin da ɗaya ina zana wannan a allo:
ɗan akwati rataye a lanƙwasasshen layi,
yara na hamma, fanka na kuka.
Ban taɓa jin akwatin ya yi atishawa ba sai bana.

Ja shi ƙasa kaɗan, ya ja ka sama kaɗan.
Kai shi nesa, ya biya ka daidai nisan.
Ba ya cin bashi,
ba ya kuma yafewa.

Abin da ɗalibaina suka ƙi yarda da shi,
shi Mek Limah ma ta ƙi:
ko da ɗan yatsa ka taɓa, ko da tafi ka danna,
lokacin zuwa da dawowa ɗaya ne.
Na miƙa mata agogon.
A hankali: ashirin cikin daƙiƙa goma sha uku.
Da ƙarfi: ashirin cikin daƙiƙa goma sha uku.
Ta ce, “To, sai me? Shinkafata na ƙonewa.”

Akwai wani wuri a tsakiya
inda lilon zai tsaya in an ƙyale shi.
Can yake nema kullum,
can kuma yake wucewa da gudun da ya fi kowane.
A ƙarshen sama da ƙarshen ƙasa ne kawai
yake tsayawa, ƙiftawar ido,
daidai inda jan ya fi tsanani.

Hasmah na zuwa ƙarshen wata
a motar dare daga Pinang,
inda take liƙa hanjin wayoyin da ba za ta saya ba.
Kwana biyu.
Ta shinshina wuyan ’yarta, ta wanke, ta shanya,
kafin kaya su bushe ta ɗauki jaka.
Ban ce mata komai game da tsakiya ba.
Uban kirki ba ya yi wa ’yarsa darasi a tasha.

Watanni suka tafi, lilon ya yi sanyin jiki.
Kilo tara: ashirin cikin sha tara da rabi.
Na rubuta a bayan takardar kuɗin wuta.
Ma’aikaciyar asibiti ta ɗora ta a sikeli,
na riga ta faɗa,
ta dube ni kamar mai duba.

Littafi ya ce lilon zai yi ta yi har abada.
Wannan a inda babu iska ne,
kuma ba a renon yaro a can.
A nan, in na ɗauke hannu,
iska na karɓar la’adarta a kowace tafiya,
tashi na raguwa, na raguwa,
har shiru ya tashe ta.
Dole wani ya zauna
ya riƙa ƙara kaɗan, a daidai lokacinsa.

Jiya ta kama bakin zanen, ta zamo ƙasa,
ta bi kyanwa har ƙofa.
Zanen da ba kowa ya yi tsalle,
ya hau rawa, fir-fir-fir, kamar mai jin sanyi.

Mek Limah ta ce in sauke shi,
’yar maƙwabta ta kusa.
Na ce to.
Na danna agogon tukuna,
amma ya fi ƙarfin ƙirgata.